Faifan da Na Tura Ƙarƙashin Soso

A gidanmu da ke Kusfa, in aka tambayi mutum abu a fanninsa ya ba da amsa, magana ta ƙare. Ba a zagayawa a tambayi wani a bayan idonsa. Haka na taso na tarar. In maganar gado ce, Baba ake tambaya. In ta gini ce, akwai wani tsohon magini a bayan masallacin unguwa, abin da ya ce shi ake yi ko da katangar za ta fito a karkace. Ni kuwa, wajen ƙarshen shekarun casa'in, sai aka wayi gari ni ake tambaya a kan kwamfuta, don kawai ofishinmu ya taɓa tura ni kwas na mako uku.

Bari in faɗi iyakar abin da na iya, tunda a lokacin ban faɗa ba. Ni mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati. Da aka kawo mana kwamfuta guda ɗaya tal, aka ba ni mabuɗin ɗakinta saboda yatsuna sun fi na kowa sauri. Na iya kunna ta, na iya buga wasiƙa, na iya fitar da wasiƙar a takarda, na iya kashewa in rufe ta da ƙyalle. Shi ke nan. Amma a cikin birni wa zai bincika? Na fara yawo da biro uku a aljihun gaba, ina cusa Turanci a tsakiyar gaisuwa. Abokai suka laƙaba mini Injiniya don tsokana, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu kamar takardar shaida aka ba ni. Har matan gidanmu in rediyo ta ƙi kama tasha ni suke aiko wa, in jijjiga ta in hura bayanta in mayar musu.

Baba malami ne na zaure. Ɗalibansa manya ne, wasu da furfurarsu, akwai tela, akwai mai sayar da littattafai, akwai wani ma'aikacin kotu da ke zuwa da kekensa bayan la'asar. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce mini, in kuma yana maganata da wani ya ce "wannan na ofis". Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. Ɗalibi zai kawo tambaya a cikin taro, kowa ya zuba ido, sai Baba ya ce, "Ban sani ba. Sai na duba." Haka kawai, ba kwana-kwana. Ina saurayi nakan ji kunya ta kama ni a madadinsa. A ganina babban malami bai kamata ya riƙa zubar da kansa haka a gaban tela ba.

Idonsa ne ya fara ja baya. Mun ɗauka yanar ido ce, irin wadda ake cirewa a asibiti mutum ya dawo yana zura zare a allura. Likita ya duba ya ce a'a, jijiyar ce ke mutuwa a hankali, magani sai dai ya rage mata gudu. Baba ya tambaye shi kai tsaye ko saura yaya, likita ya yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe ya ce in akwai abin da yake son karantawa, gara ya karanta shi a bana.

Akwai kuwa. Tun yana matashi ya kwafi wani babban littafin fiƙihu da hannunsa daga kwafin malaminsa, warƙa bayan warƙa, da tawadar da yake dafawa da kansa. A al'adarsu littafin da aka kwafa bai zama abin dogaro ba sai an yi masa muƙabala, wato a ajiye shi gefen wani ingantaccen kwafi a bi su layi-layi, a gyara inda hannu ya zame. Baba ya yi wa kashi biyu cikin uku muƙabala, malaminsa ya rasu, gara kuma ta cinye kwafin malamin. Sauran kashin ya zauna a gafaka shekara da shekaru ba a tantance shi ba. Akwai bugun ɗab'i a kasuwa, amma haruffansa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, ko da gilashin ƙara girma Baba ba ya raba su. Ɗalibai suka ce za su riƙa karanta masa. Ya ce ya gode, amma mai karatu yakan gyara kuskure da bakinsa ba tare da ya sani ba, shi kuwa da idonsa yake son ya ga kowane ɗigo. Abin da yake so ke nan kafin duhu ya rufe, bai kuma ɓoye wa kowa ba.

Aminin Baba tun na yarinta, wanda duk muke kira Alhaji, yana da shagon rediyo da fanka da talabijin a wajen Ƙofar Doka. Shi ya dawo daga Umara da wani faifai a cikin kwali mai ado, aka ce masa littattafan fiƙihu ne jingim a ciki, har da wanda Baba ya kwafa. Aka kuma ce masa a kwamfuta ana iya kumbura haruffa su yi girman da mutum yake so. Alhaji bai san komai a kanta ba, amma mutum ne da in ya sa abu a ransa sai ya gani. Ya sa aka kawo masa wata sabuwa fil, irin mai sauti da hoto mai motsi, wadda aka ce ta gida ce ba ta ofis ba. Ya aiko wa Baba cewa zai kawo ta a gwada kwana uku. In ta yi a riƙe, in ba ta yi ba ya mayar shago ya sayar wa wani. Wanda zai duba ya yanke hukunci kuwa, ai ba sai an faɗa ba.

Ranar Asabar da hantsi aka sauke ta a ƙofar gida, kwali huɗu. Na sa farar riga mai dogon hannu na naɗe hannun zuwa gwiwar hannu, don a san aiki za a yi. Zauren Baba soket ɗaya gare shi, shi ma fanka ke amfani da shi, sai da muka jawo waya daga shigifa. Aka ɗauko teburin da ake ajiye tulu aka goge. Labari ya riga ya zaga, ɗalibai suka zo ba a ranar karatunsu ba, maƙwabta suka cika bakin ƙofa. Baba yana kan buzunsa, gafakar tana gefensa, ya riga ya kwance igiyarta.

Haɗa wayoyin bai ba ni wuya ba, don kowace waya da ramin da ya dace da ita, ko makaho zai lalubo. Amma na ɗauki lokaci ina ɗaga kowace ina dubawa ina gyaɗa kai. Da na danna maɓalli ta yi ƙara ta kawo haske, sai kuma wani kiɗa mai daɗi ya fito daga lasifikoki biyun da ke gefenta. Tela ya ce, "Ikon Allah!" Ni ma a raina abin da na ce ke nan, don ta ofishinmu ba ta da murya, fuskarta ma ba ta da launi irin wannan. Amma na daure fuska kamar kullum da irinta nake karyawa.

Na fara abin da na kira gwaji. Na karanto lambobin da ke jikin kwali da ƙarfi, na ce wannan ƙarfin ƙwaƙwalwarta ne, wannan saurinta ne, wannan girman cikinta ne. Ban san ko lambobin masu yawa ne ko kaɗan ba, amma na ce, "Ba laifi, ba laifi." Na danna wani wuri, farantin sa faifai ya zuro kansa waje, jama'a suka ja da baya. Na sa faifan gwaji da ya zo da ita, sai ga kifaye masu launi suna iyo a fuskarta, ruwa yana ƙara kamar gaske. Na ƙure sauti har ƙura ta zubo daga azarar zaure, na rage, na mayar da shi lasifikar hagu, na dawo da shi ta dama. Na ce wa Alhaji sautinta ya yi, hotonta ya yi, ba ta zafi, fankarta tana aiki. Alhaji sai murmushi yake yana shafa gemu.

Cikin wannan rawar kai na danna wani abu ban lura ba, sai ga karta ta baje a fuskar kwamfutar, jere-jere, a zauren malami, a gaban ɗalibansa. Ma'aikacin kotu ya yi tari. Na yi ta danne-danne kafin ta tafi. Baba ya tambaya me ya faru, don daga inda yake ba ya gani. Tela ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ado ne kawai."

Baba ya bar ni na yi wasana har na gaji. Sannan ya ce, "Kai, kifin ya isa haka. A sa littafin."

Alhaji ya miƙo kwalin da ya zo da shi daga Umara. Na buɗe. Faifai biyu ne a ciki, da wata 'yar takarda mai ninki. Na farko an zana littattafai a jikinsa, na sa shi. Kwamfutar ta yi gurnani, wani shafi ya buɗe, amma maimakon Larabci sai ga tarkace: alamomin tambaya, ƙananan akwatuna, haruffan boko masu ɗige-ɗige a ka, layi bayan layi. Na fitar na goge shi da gefen rigata na mayar. Haka dai. Na kashe na kunna. Haka dai. Gumi ya fara bin bayana.

Na buɗe 'yar takardar nan a kan cinyata, yadda ba kowa zai gani ba. Gefe ɗaya Larabci, gefe ɗaya Turanci. Larabcina na sallah ne da ɗan abin da ba a rasa ba, don tun ina yaro na zame daga karatun zaure na bi boko. Turancin kuwa na karanta kowace kalma, amma ban gane abin da suke nufi a haɗe ba. Na dai fahimci ana cewa a fara sa faifai na biyu, a bi wasu matakai, a yarda ya canza wani abu a cikin kwamfutar. A kwas ɗinmu abu ɗaya aka nanata mana, kada ka sa wa injin gwamnati abin da ba ka sani ba. Na hango kaina na sa faifan, sabuwar kwamfutar Alhaji ta mutu a hannuna, a gaban duk wanda ya taɓa kira na Injiniya.

Abin da ya kamata in faɗa gajere ne, kuma na ji shi a wannan zauren sau ba adadi. Ban faɗa ba. Na sunkuya kamar ina gyara waya, na ninke takardar, na haɗa ta da faifai na biyu, na tura su ƙarƙashin farin soson da ke cikin babban kwalin kwamfutar. Na ɗago na share goshi.

Baba ya ce, "Me ka gani?"

Har yau ina jin muryata. Na ce, "Baba, injin yana da ƙarfi, ba a magana. Sauti da hoto duk ya yi. Amma don Turawa aka ƙera shi. Ba ya ɗaukar Larabci."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Daga dama ake rubuta Larabci, shi kuwa daga hagu aka gina ƙwaƙwalwarsa. Ba abin da za a yi."

Ban san daga inda wannan bayani ya zo mini ba. A take na ƙirƙire shi, ya kuma yi daɗin ji har ni kaina na kusa yarda. Alhaji ya ce, "Amma ɗana, wanda ya sayar mini da faifan nan ya rantse mini cewa..." Na katse shi, dattijo sa'an ubana, na zuba masa Turanci guda uku a jere waɗanda na haddace a kwas. Ya dube ni, ya dubi kwalin da ke gefen ƙafata, ya sake dubana.

Baba ya ce, "To, Alhaji, ka ji. Mai fannin ya yi magana." Ya jawo gafakar ya fara ɗaure igiyarta a hankali. Ya yi wa Alhaji godiya mai tsawo, ya yi mini addu'a a gaban mutane, ya ce Allah ya ƙara sani. Kowa ya ce amin.

Da a ranar aka mayar da ita, da na samu abin faɗa wa kaina, in ce ruɗewa ce ta minti ɗaya. Amma Alhaji ya ce kwana uku ya yi alkawari, a bar ta ta cika kwanakinta. Aka mayar da ita ɗakina. Ranar Litinin na je ofis, kuma a hawa na biyu akwai wani mutum da ya yi karatun kwamfuta na gaske, wanda shi ake kira in tamu ta ƙi. Na hau matakala har rabi da niyyar in tambaye shi. Sai na tuna shi ma yana da dangi a cikin birni, magana za ta iya zagayowa Kusfa a ce Injiniya ya je neman taimako bayan ya yanke hukunci. Na juyo na sauko. Kwana ukun nan na cinye su ina kallon kifaye ina koyon karta, faifan yana kwance a ƙarƙashin soso, taku biyu daga gadona. Ranar Talata aka zo aka kwashe kwalayen.

Damina ta shigo ta wuce. Baba ya koma wa bugun ɗab'in nan da gilashin ƙara girma. Yakan fito bakin zaure da hantsi inda rana ta fi haske, ya kusa manna fuskarsa da takarda, ya yi layi biyu ko uku, hawaye na zuba daga idon saboda wahala, ya haƙura. Nakan wuce shi in zan tafi ofis, in durƙusa in gaishe shi, in tashi da sauri. Na daina zama a zaure. Na daina son a kira ni Injiniya, amma ban hana kowa ba. Wajen kaka ya daina fitowa da littafin. Wata rana na ga ya cire tabarau ya sa a cikin gafakar tare da warƙoƙin, ya ba ƙanena ya rataye a ƙusa. Daga nan sai da sanda yake zuwa masallaci.

Shagon Alhaji kuwa na ƙaurace masa, in zan bi ta Ƙofar Doka sai in tsallaka ɗaya gefen titi. Na ji a bakin mutane cewa kwamfutar tana nan ba ta sayu ba. Magana ta bazu cewa ɗan Malam ya duba ta ya ce ba ta jin Larabci, su kuwa masu halin sayen irinta a cikin birni yawancinsu don karatun addini suke so. Wato ban tsaya kan Baba ba, har kayan Alhaji na ɓata wa suna.

Wata Alhamis da rana ina tsallaka titin sai na ji an ƙwala mini kira. Alhaji ne a ƙofar shago yana yafuto ni. Ba yadda zan yi. Na shiga, muka gaisa, ya tambayi jikin Malam. Ya ce, "Shigo ciki ka ga wani abu." A can ƙuryar shagon, bayan fankoki, kwamfutar tana kunne. 'Yarsa ce zaune a gabanta, wadda ke karatu a jami'a, ta zo hutu. A fuskar kwamfutar kuwa Larabci ne, baƙi wuluk a kan fari, da wasullansa da ɗigoginsa, kalma huɗu ko biyar sun cika layi.

Ta gaishe ni ta ce, "Yaya, ashe faifai na biyu ne bai shiga ba. Shi ke koya mata haruffan. Ina share kwalin na same shi a ƙarƙashin soso, shi da takardarsa. Ban san yadda aka yi ya shige can ba."

Na tambaye ta ko ya ba ta wuya, don in samu abin cewa. Ta ce ita ma ba ta gane takardar ba da farko, sai da ta kai wa wata malamarsu ta yi mata bayani. Da ta dawo, tsakanin azahar da la'asar ta gama. Ta danna wani wuri, haruffan suka ƙara kumbura. Ta sake dannawa, suka ƙara.

Ban iya duban Alhaji ba. Shi ma bai ce mini ya ga abin da hannuna ya yi ranar nan ba, ko da yake na tabbata ya gani. Ya raka ni bakin ƙofa ya ce, "Ka gaida Malam. Ka ce masa in yana so a kawo, ko yau." Sai muryarsa ta sauka ya ce, "Ko da yake na san yanzu..." Bai ƙarasa ba.

Ban nufi gida ba. Na yi ta tafiya a ƙasa ban san inda nake sa ƙafa ba, sai da na ga dutsen Kufena ya taso a gabana na gane na yi nisa. Kunya nake ji irin wadda ke sa mutum ya ji fatar jikinsa ta yi masa yawa. Na yi ta lissafin watanni. Lokacin da aka kawo kwamfutar, Baba yana gane fuskar mutum daga bakin ƙofa, yana karanta manyan haruffan da ke bangon littafi. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi, mai faifan da bai yi bayani da Hausa ba, masu kwas da suka tsorata mu, har Alhaji da bai matsa ba. Ba wanda laifin ya zauna a kansa. Na juyo.

Na iso bayan la'asar, ɗalibai sun watse. Baba yana zaune shi kaɗai a kan buzu yana jan carbi. Na yi sallama na durƙusa nesa kaɗan, inda nake durƙusawa tun ina yaro in na yi laifi. Ya gane ni daga sallamar.

Na faɗa masa duka. Faifai na biyu, takardar, soson, matakalar ofis da na hau rabi na sauko, maganar dama da hagu da na ƙaga. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya numfashi zan fara yi wa kaina ado. Ya saurara bai katse ni ba, carbin ya tsaya a hannunsa.

Da na gama ya ce, "Faifan ne ban sani ba. Amma tun ranar na san ba ka sani ba."

Na ɗago kai.

Ya ce, "Shekara nawa ina sauraron masu amsa tambaya? Wanda ya sani a hankali yake magana. Kai kuwa gudu kake yi."

Na ce, "To Baba, me ya sa ba a kira wani ya duba ba?"

Ya ce, "A gaban ɗalibaina na tambaye ka, a gabansu ka amsa. In na aika a kira wani bayan haka, me na mayar da kai a unguwar nan? Na ce bari in ba ka kwana ukun, wataƙila ka je ka duba ka dawo ka ce mini ka sake gani. Da suka wuce na ce wataƙila wani mako."

Ashe duk safiyar da nake durƙusawa in gaishe shi in tashi da sauri, jira yake. Na kifa kaina a kan tabarma na yi kuka, ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun kafin in tambaya, amma akwai Alhaji, shi ma sai na je na same shi, kuma in faɗa a inda mutane za su ji, tunda a inda mutane suka ji na ɓata masa kaya. Na ce zan je. Na kuwa je washegari bayan an sauko daga Juma'a, na faɗa a ƙofar shagonsa, kuma ban mutu ba.

Amma a wannan yammacin ban tashi nan da nan ba, shi ma bai sallame ni ba. Can ya ce, "Ka ce ka ga littafin a jikinta?"

"Na gani, Baba."

"Da wasali?"

"Da wasali da ɗigo, komai."

Sai ya miƙo mini hannunsa na dama, tafin a buɗe, ya ce, "Girman harafin ya kai yaya? Nuna mini."

Na matso na riƙe hannun. Tun ina ƙarami rabon da in taɓa shi in ba a gaisuwa ba. Na sa ɗan yatsana na ja masa alif a tafin, daga gindin yatsunsa har kusan wuyan hannu, kamar yadda na gan shi da yarinyar ta danna sau biyu. Na so in rage tsawon, ban rage ba.

Ya rufe hannun a hankali kamar an zuba masa wani abu a ciki. Ya juya fuskarsa wajen bangon da gafakar take rataye, ko da yake ba ya ganin ta.

Ya ce, "Wannan kam da na gani."